Miyar Lalo a Alƙahira

Kwana biyu da saukarmu Alƙahira daga garinmu Mafara, ɗiyata Hafsatu mai shekara huɗu ba ta ci komai ba sai biskit. Duk abin da aka kawo kau da kai take yi, har idonta ya fara faɗawa.

A wani ƙaramin gidan abinci, tsohuwar da ke girki ta lura da ita. Ta kawo shinkafa mai laushi da koriyar miya mai yauƙi. Ashe lalo ne!

Hafsatu ta sa hannu ta share kwanon tas, sannan ta ɗago.

"Inna, wannan kakar 'yar Mafara ce?"

"A'a, 'yar garin nan ce."

"To wa ya koya mata miyarmu?"

Ni dai sai hamdala.

Iyaye, wane abinci ya taɓa fid da ku a ƙasar mutane?