Haɗin Fuskar Yayata

A gidanmu na Kagoma ƙoƙo ɗaya muke da shi na gyaran fuska, ni da yayata. Kowace Asabar da yamma, don mu fito fes a coci washegari, sai ta daka farar ƙasa, ta matse lemon tsami a ciki, ta shafa wa kanta, sannan ta kama haɓata ta goga mini ragowar. "Kada ki yi dariya," haka take cewa, "zai tsage." Ita fuskarta mai maiƙo ce, rana na ɗan ɗagawa goshinta zai hau ƙyalli kamar kaskon suya. Tawa kuwa ban taɓa tambayar wace iri ce ba.

Yaya ta yi aure, ta bi mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa can kudu. Ni kuma cikin shekarun saba'in aka tura ni koyarwa Kafanchan, na kama ɗaki ɗaya bayan tasha. Ban san kowa ba. A makaranta a ce "Sannu Malama," a coci a yi musafaha, magana ta ƙare. Asabar na yi sai in kwaɓa ƙasata, kuma awon mutum biyu kawai na sani, don haka duka nake laftawa. In zauna gaban madubi ina jin kukan jirgi, ba mai hana ni dariya, ba kuma abin dariyar. Kafin wata biyu kuncina ya bushe, ya fara saɓa.

Wata Asabar ina sayen citta a kasuwa, wata dattijuwa Bahaushiya mai sayar da lalle da kurkum ta yafito ni.

"Ke Malama, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Ni ce, Mama."

Ta sa na wanke fuska da ruwa zalla, ta hana ni shafa komai, ta zaunar da ni kan tabarmarta har ta sallami mutum biyar. Sannan ta ɗora bayan hannunta a goshina, ta sauko kunci, ta murza a hankali. Rabona da wani ya taɓa fuskata tun ranar bikin Yaya.

"Wannan haɗin ba naki ba ne," ta ce. "Ƙasa ta mai maiƙo ce, tana tsotsewa. Ke me za ta tsotsa a nan? Taki busasshiya ce, zuma take so da kindirmo, da ɗan garin shinkafa. Lemon tsami kuwa ki bar shi a cikin kunu."

Da kanta ta kwaɓa, da kanta ta shafa mini a bayan rumfa. Asabar huɗu ina zuwa. Duk mako Asabar ɗin nake jira, alhali haɗin nan ko ɗan aji ɗaya zai iya yin sa. A ta huɗun ta juya fuskata dama da hagu, ta yi murmushi.

"Madalla, ta warke. Yanzu sai ki riƙa yi a gida, ba sai kin zo ba."

Na yi godiya kamar mai hankali. Na koma ɗaki, na ɗauko turmi. Kwana shida a jere ina lafta ƙasa da lemon tsami, yana yi mini zafi ina ƙarawa. Ni malama guda, mai koya wa yara tsafta!

Da na koma ta daɗe tana kallona. Ta kai yatsa gefen kunnena ta kankaro ɗan farin da ban wanke ba. Kunya ta rufe ni, na fara haɗa ƙarya.

"Yi shiru, 'yata," ta ce. Ta jawo tabarmar da ƙafa. "In zama kike so, ki zo ki zauna. Ba sai kin ɓata fuskarki ba."

Na zauna. Zango biyu na yi ina zama a rumfar nan kafin a mayar da ni Madakiya, inda babu wanda na sani kuma. Har yau zuma da kindirmo nake shafawa ranar Asabar, kuma har yau awon mutum ɗaya bai zauna mini a hannu ba.