Ɗan Lidon da Ya Tafi Rigachikun

Akwai wata Asabar da ko tsufa ya cinye min tunani ba zan manta da ita ba, don har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse cikin ƙasa.

Lokacin ina neman aure, an kai gaisuwa, dangin yarinyar suna kan bincike a kaina. Ni kuwa wani wasa ya shiga raina, wanda abokin aikina ya zo da shi daga karatu a waje. Ƙwallon kwando ne na jami'o'i, amma a kan tebur ake yinsa. Kowa zai zaɓi jami'arsa, ya jera katunan 'yan wasansa biyar a gefen allon da aka zana fili a kai. Sai a jefa 'yan lido biyu, ja da fari. Ja shi ke nuna wanda ƙwallo ta zo hannunsa, fari kuma a duba lambarsa a katin ɗan wasan, a ga ko ta shiga kwando, ko ta kuskure, ko an ƙwace. Wasan yara ne a ido, amma mu manyan ma'aikata har gumi muke yi a kansa.

Ran nan bayan la'asar muna ƙofar gidanmu a Unguwar Rimi, jifa ɗaya ta rage, abokina yana gabana da maki biyu. Ƙwallo ta faɗa hannun gwanina mai jefa ta nesa, in ta shiga maki uku ne, na ci ke nan. Na girgiza farin, na watsa da ƙarfi, ya tsallake tebur ya gangara ƙarƙashin wasu ƙafafu. Na ji kamar an yi sallama, amma idona na kan kati. Na ɗauka maƙwabcinmu ne da ke zuwa kallo, sai na miƙa hannu ko ɗagowa ban yi ba, na ce, "Kai malam, kar ka taɓa shi, karanta min lambar tukuna, sannan ka miƙo."

Aka ce a hankali, "Shida ce."

Na duba kati, ta shiga! Na buga tebur ina murna. Da na ɗago, sai na ga abokina a durƙushe. Dattijon da ke tsaye da ɗan lido a hannu kawun yarinyar ne, wanda aka ɗora wa binciken, ya taso takanas daga Rigachikun.

Na zube ƙasa. "Kawu, wallahi ba caca ba ce, wasan ƙwallo ne."

"Na gani, ɗana," in ji shi. "Na daɗe a tsaye ina sallama, har na fara gane wasan." Ya jefa ɗan lidon a aljihu, ya tari Keke Napep ya tafi, ko ruwan gidanmu bai sha ba.

Daren nan yarinyar ta kira ni, muryarta a sanyaye: "Me ka yi wa Kawu? An tambaye shi, ya ce zai yi tunani." Kwanakin da suka biyo baya abinci ma ba ya min daɗi. Dole na kwashe komai na faɗa wa baffana, ya wanke ni tas, sannan ya sa ni gaba muka je ban haƙuri. Kawu ya ce shi wasa bai dame shi ba, abin da yake tsoro shi ne 'yarsa ta yi ta sallama a gidan miji babu mai ɗagowa. Wannan magana ta fi mari zafi.

Cikin ikon Allah ya amince. Ranar ɗaurin aure, da na durƙusa gaishe shi, ya kama hannuna ya damƙa min wani abu mai tauri. Farin ɗan lidon ne.

Har yanzu muna wasan, da yarana ma. Amma na koyi cewa duk abin da ya hana ka ɗago kai ka dubi mutum ya fi ƙarfinka, don haka da na ji sallama nake ajiye 'yan lido, ko da jifar ƙarshe ce.