Tsiron Dawa a Saman Bene

Shekarata ta shida a Jidda ina zaune a wani ɗaki na ƙasa a unguwar Bagdadiyya, a gidan wata tsohuwa haifaffiyar garin, wadda kakanninta suka zo hajji daga Kano da ƙafa ba su koma ba. Hajiya muke ce mata. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ta sani. Ta ba ni ɗakin duk da haka, a garin da samun mai ba irina ɗaki sai an sha wuya.

Sana'ata kunun zaƙi. Bokiti ɗaya nake yi kullum, ba na ƙarawa, domin zafin Jidda ba ya raga wa kunu. Ka yi da yawa, kafin la'asar ya fara tsami. Leburorin tashar jiragen ruwa, 'yan ƙasarmu da na Nijar, su ke shanye shi kafin azahar.

Ni kuwa ba na kunun malalata, wanda ake dama gari a antaya sukari. Da tsiro nake yi, yadda innata ta koya mini. In jiƙa dawa ta kwana, in tsame, in shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu in lulluɓe, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana uku ta fito da farin gemu. Sai in hau saman bene in shanya, in ta bushe in niƙa. Wannan garin shi ake zubawa a damammen gero da ya sha citta da kanumfari, ya tsinka shi, ya fito masa da zaƙinsa na Allah.

A wurin shanyar nan wata maƙwabciyata ta gan ni. Sabuwar zuwa ce, ta zo umara ta zauna kamar yadda na yi. Ta tsaya tana kallon dawar, ta ce a garinsu matan da ke dafa burukutu haka suke shanya tsiro. Na ce mata haka ne, ai da wuƙar da ake yanka rago da ita ɓarawo ke fashi. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe ta fara. Kafin Juma'a matan layinmu sun daina amsa mini gaisuwa da kyau. Wata ta janye hannun 'yarta daga ƙofata. A Jidda kuwa maganar giya ba a gulma take tsayawa ba. Mutum ɗaya ya ɗaga waya, shi ke nan, sai ɗauri, sai jirgin mayarwa gida. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma haushin da na ji ya fi tsoron.

Hajiya ta aiko in hau. Na same ta a kan darduma, carbi a hannu.

"Ya binti, me nake ji? Khamar? Giya a gidana?"

"Hajiya, ki sauko ki tsaya a kaina. Daga jiƙo har tata. In kin ga haram, ki kira 'yan sanda da kanki."

Ta sauko kuwa, da ciwon gwiwarta. Kwana shida tana zuwa tana zama a kujerar roba, tana leƙa buhu, tana shinshina bokiti. Ran da na tace, na cika mata kofi. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta shanye, ta miƙo in ƙara.

"Halas, wannan kunu ne. Ni shaida ce." Sai ta sassauta murya. "Bas, amma ki ji, 'yata. Bakin mutane ba ya rufuwa. Ki daina hawa sama da dawar nan. Ki shanya a ɗaki, ki kunna fanka, ki ja labule. Ki zauna lafiya, in zauna lafiya. In ba haka ba, wallahi ba zan iya riƙe ki ba."

Na san don ni ta faɗa, kuma na san tana da gaskiyarta. Amma shekara shida ke nan ina ɓuya. In na hango motar sintiri sai in shige lungu. Asibiti ba na zuwa, sai dai in sha jiƙo in kwanta. Duk wannan na haɗiye, don na san takarda ce ba ni da ita, laifina ne. Dawa kuwa ba ta yi laifin komai ba, ni ma ban yi ba a kanta. In na ja labule na shanya ta a ɗaki, na amsa abin da suka ce da hannuna.

"Hajiya, ki yafe mini," na ce. "Giya ake yi a bayan labule. Ni a rana zan shanya."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce taurin kaina irin na kakarta ne, kuma ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

Sauran kwanakin nan kullum sai na hau benen da hantsi, faranti a ka, ta gaban ƙofar maƙwabciyar, in yi mata sallama da ƙarfi in jira sai ta amsa. Ran da na tashi na koma unguwar Aziziyya, wani ɗaki ƙarami da ba shi da bene, sai 'yar taga mai kallon titi. Kafin in kwance kayana, a bakin tagar nan na fara baza dawar.