Saƙon Iya Zuwa Zogbeli

Ni mutum ne mai son ciki, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Har yau da haƙorana suka kusa ƙarewa, in aka ambaci gari, abincinsa nake fara tunawa kafin mutanensa. Amma garin da na ci abincin da ya fi kowanne daɗi a rayuwata, a nan ne na kwana uku ina tura loma kamar mai haɗiyar tsakuwa. Tamale ke nan.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kan Gana ce, mu a Nijeriya muna ta zuba ido muna jiran namu. Ina ɗan shekara ashirin da uku, ina ɗinki a Kano, ban taɓa wuce Zariya ba. Sai kakata ta wajen uwa, wadda kowa ke kira Iya, ta rasu a ƙarshen damina. 'Ya'yanta biyu ne a duniya: Innata, da ƙanenta, Kawu. Shi Kawu ya bi fataken goro zuwa Gwanja tun ina goye, ya yi aure a can, ya zauna, bai sake taka Kano ba. Sai dai aike tsakaninsa da gida, ta hannun fatake.

Iya tsohuwa ce mai bakin tsiya, ni kuwa jikan da take kira mijinta, kullum muna faɗa a kan kuɗin cefanen da ban taɓa bayarwa ba. Kwana biyu kafin ta cika ta damƙa mini carbinta, wani baƙi mai kauri da hannunta ya goge har yana sheƙi, ta ce a kai wa Kawu. Ta haɗa da saƙon baki, irin wanda ɗa mai tarbiyya ba zai iya maimaita wa kawunsa ba. Na yi dariya a lokacin, don na ɗauka wasanmu ne na kullum.

Bayan sadakar bakwai na ce a buga wa Kawu waya, wato telgiram, Inna ta ƙi.

"Ba a gaya wa mutum rasuwar uwarsa a takarda," in ji ta. "Kai za ka je. Kada ka faɗa masa daga sauka. Ka bari ya ci abinci, ka nemi limamin unguwarsu ko wani dattijo, shi zai sanar da shi. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Na ɗinka wa carbin aljihu a cikin rigata, na hau motar fatake. Kwana tara muka yi a hanya, ta Yamai da Wagadugu, har muka gangaro Tamale ranar wata Laraba bayan azahar.

Gidan Kawu yana unguwar Zogbeli, kuma ban sha wahalar samunsa ba, don duk wanda na tambaya yana jin Hausa, irin tasu wadda ba ta damu da mace ko namiji ba. Na same shi a ƙofar gida, gajere mai ƙiba, da idanun Iya sak. Matarsa Badagomba ce, doguwa, kowa na kiranta Mma, ni ma na bi sahu. Kafin a ce mini komai ta durƙusa ta miƙo ƙwaryar ruwa da aka dama da garin gero, wai a can baƙo ba ya magana sai ya sha. Maƙwabta suka shigo suna tsugunawa, kowace gaisuwa a amsa da "naa, naa," ni ma ina ta naa ba tare da na san abin da nake amsawa ba.

Sannan Kawu ya juyo.

"Yaya Kano?"

"Lafiya lau."

"Yaya yayata?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Yaya Iya?"

"Lafiya lau, tana gaishe ka."

Wallahi ban yi niyya ba. Bakin Bahaushe in ya hau gaisuwa kamar keken ɗinki yake, ƙafa tana takawa ko hankali yana wani wuri. Sai da maganar ta fita na ji abin da na ce. Inna ta ce in jinkirta, ba ta ce in tayar da matacciya in ɗora mata gaisuwa ba. Kawu ya tsaya yana kallona, ba da daɗewa ba, sannan ya tafa hannu ya ɗaga murya.

"Mma! A kama zabo biyu. Ɗan yayata ya zo daga Kano!"

Kafin magariba aka ajiye mana tuwo zafi, mai laushi fiye da namu, da miyar ayoyo, wato lalo, tana yauƙi, ga romon zabo ja wur a kai, ƙamshin daddawa da man kaɗe ya cika tsakar gidan. Kwana tara ina cin busasshiyar gurasa da ƙuli. Kunya ce, amma zan faɗa: na ci. Ina ci carbin yana tokare mini haƙarƙari. Duk sanda na ɗago kai zan yi magana, sai Kawu ya turo cinyar zabo gabana.

"Ci, ɗana. Magana ba ta gudu."

Washegari tun da sassafe aka kawo koko mai yaji da citta, da ƙosai masu zafi. Na ƙudura a raina yau zan nemi liman. Ina ajiye ludayi Kawu ya miƙe ya ce baƙo ba ya zuwa ƙasar da ta sami 'yanci ya zauna a ɗaka, sai ya nuna mini gari.

Ya kuwa nuna mini. Ko'ina sabuwar tuta ce mai baƙin tauraro, a kan ofisoshi, a goshin motoci, har a zanen mata. Kawu yana tsokanata, wai mu 'yan Nijeriya mu zo mu koyi yadda ake sallamar Bature. Ya kai ni kasuwa na ga doya jibge kamar itacen girki, da man kaɗe a manyan ƙore, da goro ɗanye shar wanda bai sha wahalar hanya ba. Ya zaunar da ni gaban wata mai wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi har suka yi ja, aka zuba mini wani baƙin yaji mai kifi wanda har yau in na tuna shi sai miyau ya tsinke mini. Ba ya bari mu yi taku goma shiru. In labarin kasuwa ya ƙare ya ɗauko na fatake, in na fatake ya ƙare ya nuna mini wata bishiya ya ba ni tarihinta.

Daga nan muka shiga layin masaƙa, inda ake saƙa ƙyallen manyan rigunan nan nasu masu faɗi. Kawu ya zaɓi wani zane mai ratsin shuɗi da fari, ya shafa shi da tafin hannu.

"Kai tela ne, duba mini. Zai yi wa Iya?"

Na ce, "Kawu, akwai maganar da..."

"Zai yi mata," ya katse ni. "Tana son shuɗi. Motar da ta kawo ka za ta juya ranar Asabar da hantsi, ko? To tare za mu tafi. Shekara ashirin da biyu ta isa."

Na hango mu kwana tara a bayan mota, shi rungume da zane, ni rungume da ƙarya, har mu isa ƙofar gidan da ake zaman makoki. Na ji haushin kaina, na ji haushin Inna da ta aiko ni, har Iya na ji haushinta, da ta zaɓi ta mutu ta bar ni da wannan aiki.

Ranar Juma'a da safe ya kai ni ƙofar gidan sarkin gari mu ga makaɗa. Sun fi ashirin, kowa da kalangu a hammata, wasu da manyan ganguna, ƙasa tana amsawa a tafin ƙafa. A wata rana da na yi ta kallo baki buɗe. Ni dai liman nake nema. Bayan an sauko daga masallaci na gane shi, wani dogon dattijo da Kawu ya ce shi ke jan su salla a unguwa. Na zame na durƙusa gabansa.

"Allah ya gafarta malam, ina da magana."

Ban rufe baki ba na ji hannun Kawu a kafaɗata.

"Malam, ɗan yayata ne. Zai zo gaisuwa ta musamman, amma yanzu jirgi zai sauka, kuma bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba."

Ƙarya yake, a Kano na girma, jirgi kuma ba baƙona ba ne. Amma ɗa ba ya ƙaryata kawunsa a gaban liman. Haka ya ja ni a bayan kekensa har filin jirgi, muka tsaya a rana muna kallon wani ɗan ƙaramin jirgi yana sauke mutum huɗu. Daga can ya zarce da ni madatsar ruwan gari, ya yi ta bayanin famfo kamar shi ya haƙa ta.

Da la'asar muka dawo muka tarar Mma ta daka sakwara, sumul kamar ƙwai, da miyar gyaɗa da naman akuya. Kawu ya shiga ɗaki ɗaure kaya. Mma ta zo ɗaukar kwano, ta tsaya a kaina, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗana, kai ka ci sosai paa, na gode. Amma kawunka fa? Tun ranar da ka zo bai ci komai ba, kuraa, ko loma. Hannu kawai yake sawa a kwano. Wane magana ka kawo?"

Sai a lokacin na lura. Kwana uku muna cin kwano ɗaya, ni da nake taƙama da sanin abinci, ban ga cewa ɓangarensa ba ya raguwa sai abin da ya turo mini ba. Ta dube ni, ta dubi inda hannuna yake dafe a kan aljihu, ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Asabar da safe an fito da kaya tsakar gida: akwatin ƙarfe, ƙwaryar man kaɗe, huhun goro, da zanen shuɗin a naɗe a sama. Mma ta ajiye koko da ƙosai. Kawu ya zauna a tabarma cikin rigar tafiya, yana cewa in yi sauri kada mota ta bar mu. Babu liman, babu dattijo, babu sauran lokaci. Na farke ɗinkin aljihun, na ciro carbin, na ajiye shi a tabarma kusa da kwanon ƙosai.

Kawu bai taɓa shi ba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Yaushe?"

"Yau kwana ashirin. Ranar Lahadi, da hantsi. Kawu, ka yafe mini, na yi maka ƙarya."

"Na sani," ya ce. "Tun ranar Laraba na sani. Shekara ashirin da biyu fatake suna kawo mini saƙon Iya, ba ta taɓa cewa tana gaishe ni ba. Ko sau ɗaya. Zagi take aiko mini da shi, da ƙullin daddawa. Kai kuwa ka zo hannu biyu babu daddawa, ka ce tana gaishe ni."

Raina ya ɓaci, ban san sanda na ɗaga murya ba. "To don me, Kawu? Kasuwa, da jirgi, da zane? Kwana uku ina mutuwa a tsaye!"

"Ka yi haƙuri, ɗana. Na ga muddin ba ka faɗa ba, ina da uwa a Kano. Kwana uku na ƙara."

Mma ta zauna a bakin murhu ta ja mayafi ta rufe fuska. Kawu ya miƙa hannu ya ɗauki carbin, ya sansana shi.

"Ta ba ka saƙo?"

"Ta bayar."

"Faɗa mini yadda ta faɗa. Kada ka gyara mata ko kalma ɗaya."

Na sunkuyar da kai, don ba zan iya kallon idanun nan ina faɗa ba. "Ta ce, ka gaya wa ɗan banzan nan na jira shi har na gaji. Ka ce masa ban yi fushi ba. Kuma in ya ji, kada ya zauna da yunwa, don na san halinsa tun yana yaro."

Kawu ya yi wata 'yar dariya. "Yawwa," ya ce. "Wannan ita ce." Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta karye, ya kifa fuskarsa a kan zanen shuɗin, kafaɗunsa suna girgiza. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka haka ba, kuma ni ma sai a ranar na yi wa Iya kuka, don a Kano hidimar jama'a ba ta bar ni ba.

Daga nesa muka ji motar fatake tana ta danna ƙaho a tasha, babu wanda ya motsa. Da Kawu ya ɗago, kokon ya riga ya huce. Na ɗauki ƙosai ɗaya na tura gabansa, yadda ya yi ta yi mini kwana uku.

"Ci, Kawu," na ce. "Iya ce ta ce."

Ya karɓa ya ci.