Ranar Da Layi Ya Zo Kan Gidan Goga

Da furfurata na shiga jami'a. Na sha ruwan Agadas, na yi cinikin goro a Kumasi, na kwana a tashoshin Ikko, sai ga ni aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Ɗaliban yankinmu, Mafara da Bakura da Maradun, suka raɗa mini Kawu, suka bar mini gidan gaba a mota, wai don gwiwa.

Muna da al'ada. In an yi hutu mota ɗaya muke ɗauka, kuma ba a watsewa sai an biya gidan ɗayanmu an ci tuwon uwarsa. Sai an ci gidanku kake zama cikakken ɗan cikinmu. Mun ci na Bakura, gidan mahauta, nama har sai da na sassauta tazuge. Mun ci nawa a Morai, suka ce daddawar ta girme ni.

Sai layi ya zo kan wani ɗan Gidan Goga ta ƙasar Maradun, dogon saurayi mai karatun noma, wanda ya cika mana kunne da labarin gyaɗar garinsu. Ya ce hanya ba kyau. Muka yarda, wa bai san 'yan bindiga ba? Wani hutun ya ce Innarsa ba lafiya. Da aka sake zagayowa, ɗan mahauta ya taso shi a mota:

"Kai, rowa ce ko tukunyarku ta hwashe? Ka ci na kowa, naka sai labari!"

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Ku ƙyale shi, gyaɗar ce ba ta nuna ba."

Shi bai yi dariya ba. Muna shiga Mafara ya ce, "Direba, karya kwana. Yau za ku ci."

Direba ya ce, "Nan? Maradun ai da saura."

"Karya dai."

Wata firamare ya kai mu. Tsummoki a tagogi, tukwane bisa duwatsu, mata da yara cike da baranda. Nan mutanen garinsu ke zaune tun da aka tashe su. Innarsa ta fito daga wani aji, ta dube mu, ta dube shi, ta gane. Ta shimfiɗa tabarma, ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya hanya, ya iyaye, ya karatu, kamar a tsakar gidanta muke. Sannan ta dama kunu tsararo, ta kawo a kwano ɗaya.

Ɗan mahauta ya raɗa mini, "Kawu, mu sha? Na yara ne hwa."

Na ce, "In ba mu sha ba, mun kore shi."

Muka sha, yaran na kallon ludayi. Innar ta ce, "To, yanzu ya zama naku ko?"

Muka ce, "Ya zama, Inna."

Ya koma makaranta tare da mu, har ya gama. Amma tun daga hutun nan, in an shiga mota ba mai tambayar layin wa ne. Kowa na tsoron amsar.