Telan da Ya Kashe Injiniya

Baba Tela bai taɓa yarda an ɗinka wani abu daidai a duniya ba, sai wanda ya bi ta ƙarƙashin kekensa. Ka kai masa wando ya rage tsawo, ka dawo ka tarar ya ƙara aljihu, yana kuma jiran godiya. A wani ɗan shago tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da maɓallai ya tsufa, tef a wuya, alli a bayan kunne. Bayan almakashi, abin da ya sani shi ne littattafan nan na wani jirgi mai yawo tsakanin taurari, waɗanda ya fara saye tun yana da gashi.

Da yanar ido ta rufe wa matarsa gani, sai ya ɗauki karanta mata. Kullum da yamma zai rufe shago, ya zauna a bakin gado, ita tana kan kujera. Mutanen da zancensu ya daɗe da komawa cefane da ciwon gwiwa, sai ga su suna musu kan ko iskar jirgi za ta isa.

Ita ba ruwanta da Kyaftin ɗin jirgin. "Yana zaune yana ba da umarni, irinku ne," in ji ta. Tata ita ce Injiniya, matar da ke kwance ƙarƙashin inji da sifana tana zagin kowa. To a littafi na huɗu marubucin ya kashe Injiniya. Baba Tela ya hango mutuwar a ƙasan shafi, ya dubi matarsa tana murmushi, sai ya yi wa littafin abin da yake yi wa wandon mutane. Injiniya ta fito daga gobarar da ɗan ƙuna a hannu. Daga nan shi ya ci gaba da riƙonta a littattafan da suka biyo baya. Ya ƙwace maganar wasu ya sa mata a baki, ya ba ta ciwon baya, ya kusa aurar da ita ga kukun jirgin, ya fasa don mutumin bai yi masa ba. Matarsa ba ta san komai ba, shi kuma ya ƙudura ba za ta sani ba.

Sai marubucin ya yi shiru shekara da shekaru, har aka ɗauka ya riga mu gidan gaskiya. Ran nan autarsu, wadda ta karance littattafan da idonta, ta shigo da sabo a leda.

"Inna, albishirinki. An ta da Inji..."

Baba Tela ya saki tarin da ya kusa zubar masa da sauran haƙora. "Ke, kawo ruwa. Ubanki na mutuwa kina rabon albishir."

A bakin ƙofa ya karɓe ledar, ya nuna mata bakinta da yatsa. Ta tafi tana waiwaye.

A shago ya fara karanta shi, kayan mutane na jira. Wai ashe an adana ƙwaƙwalwar Injiniya a cikin wata na'ura, yanzu an ƙera mata sabon jiki. Da farko daɗi ya kama shi, mai littafin ya dawo kan ra'ayinsa, ko da a makare. Amma ɗinkin na ɗan koyo ne. Ta dawo yarinya shar, mai ladabi, ba zagi ba sifana, rabin littafin kuwa mutane ne ke ganinta suna kuka. Ya rufe ya yi tsaki, ya sake buɗewa. Can ciki akwai inda Kyaftin, ya tsufa, hannunsa na rawa, ya kasa ɓalla maɓallin rigarsa, ya ƙi kuma a taimake shi. A nan Baba Tela ya naɗe kusurwar shafin, ya ajiye littafin.

Saura matsala ɗaya. Ba a ta da wanda bai mutu ba. Matar da ya raya duk shekarun nan, dole shi zai kashe ta.

Da yamma ya buɗe shafin farko, ya kafa ido a kan abin da ba a rubuta ba, ya fasa tankin mai a kan Injiniya. Ya juya shafi, ya shiga abin da marubucin ya rubuta.

Matarsa ta saurara har ya yi nisa, sannan ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Malam. Ta mutu?"

"Ta mutu."

"Ta kuma tashi?"

"Kimiyya ce."

"Ko gawar ba ta huce ba. Wannan mai 'don Allah' da 'na gode' ɗin ita ce Injiniya?"

"Haka aka rubuta."

"To mutumin nan ya ruɗe. Da can ya san matar nan ciki da bai. Ya san bayanta na ciwo, ya san ta fi ƙarfin kuku. Wanda ya rubuta waɗancan yana da basira. Wannan kuwa, rufe."

Tunda Baba Tela ya fara taka keke ba a taɓa yabon aikinsa haka ba, ga shi babu halin ya amsa.

"Akwai wuri mai kyau a gaba," ya ce, "inda Kyaftin..."

"Ka kai wa Kyaftin. Ɗauko na biyar mu sake daga inda yake da hankali. Ina so in ƙara jin abin da ta faɗa wa kukun nan. Na riƙe shi kalma kalma, kada ka tsallake min komai."

Baba Tela ya miƙe zuwa kantar da yake ajiye littattafan. Ko rabin abin da ya sa Injiniya ta faɗa wa kuku bai tuna ba.