Karen gasar kyau a bakin garke

Yau da hantsi na tarar da tunkiyarmu mai ciki a bayan garke, karnukan daji sun yayyaga ta. Karen da muke ciyarwa don gadi kuwa yana ƙarƙashin tankin ruwa, harshe a waje.

Ni da Hamza, ɗan baffana haifaffen Madina, muke kiwon tumakin a hanyar Badr, nan Saudiyya. Tsohuwar karyarmu mummuna ce, amma ko dila bai isa ya matso ba. Da za a kai ta barbara, Hamza ya dage sai wani jibgegen kare mai gashi da ya ci gasar kyau. Malalacin nan ɗansu ne, uwar kuma ta mutu bara.

Na kira Hamza ta bidiyo, na nuna masa mushen.

"La haula," ya ce. Sai ya hango karen. "Amma fa ya akhi, dubi ƙirjin nan, dubi tsayuwa."

"Wace tsayuwa, Hamza? A kwance yake."

Ban ƙi kyau ba, amma mai kyan ya iya tashi ya yi haushi mana. Masu kiwo, ina kuke samun wanda ya haɗa biyun?